A Buɗe Mana Littafin Ma'aji

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. An yi ta guɗa kamar an ga watan Salla. Mu dai muna cewa a dakata da murna tukuna, domin sauya wa kuɗi hanya ba ya hana su zurarewa in tulun da ake zuba su a fashe yake.

Kowa ya san yadda abin ya faro. Gyaran 1976 ya kafa ƙananan hukumomi a madadin En'e. Sashe na 162 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, watau rumbun da gwamna ke riƙe da makullinsa. Kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya rabon ƙananan hukumomi 774 ne, 44 daga cikinsu a Jihar Kano, har da Gwarzo da Kabo.

To, ga abin takaici. Abin da ya shigo ba ɓoyayye ba ne, gama kowane wata ana buga rabon kowace ƙaramar hukuma daga Abuja. Abin da ya fita shi ne ke cikin duhu. Manomin Getso ko Kutama, da 'yar kasuwar Garo ko Gude, a wane allo za su karanta nawa aka biya malaman firamare, nawa aka cire na fansho da na masarauta, nawa ya tafi ga man mota da alawus na tafiya da shan shayin taro, nawa kuma ya rage na rijiya da maganin asibiti? Wannan shi ne kuɗin gudanarwa, ƙofar da ɓera ya fi so, saboda ba ya barin gini a ƙasa da za a je a auna. Kwalbatin da ba a yi ba ido na ganin gurbinsa, amma wa ya taɓa ganin gurbin taron bita da ba a zauna ba?

Za a ce mana ai akwai dokoki. Lalle akwai. Akwai Kundin Ka'idojin Kuɗi na ƙananan hukumomi, akwai Babban Mai Binciken Kuɗinsu a jiha, a 2019 ma hukumar NFIU ta hana cire tsabar kuɗi fiye da naira 500,000 a rana daga asusunsu. Amma takardar biya ba ta ƙarya, mai cika ta ne ke yi. Muddin mai nema da mai amincewa da mai dubawa suna cin tuwo a akushi ɗaya, to binciken wasan yara ne. Ba a ba kura ajiyar nama, sannan a naɗa ƙanwarta mai gadi.

Buƙatunmu uku ne. Na farko, kowane ƙarshen wata a liƙa lissafin shiga da fita, da Hausa, a ƙofar sakatariyar Gwarzo da ta Kabo da ƙofar gidan kowane dagaci. Na biyu, a fito da jerin sunayen masu karɓar albashi mazaɓa mazaɓa, jama'a su tantance rayayye da fatalwa. Na uku, a karanta rahoton mai bincike a zauren kansiloli, ƙofa a buɗe.

Ku kuma akawuna da ƙananan ma'aikata, alƙalaminku ne ke cika waɗannan takardu, kuma ranar da asiri ya tonu sa hannunku za a fara nema, ba na maigida ba. Mu ɗalibai kuwa, Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011 ta ba mu ikon rubuta takarda mu nemi amsa cikin kwana 7. Hutun nan mai zuwa kowa ya koma garinsu da biro da takarda. Kuɗin talakawa ne, sai a yi musu lissafi.