Kafin ka kira shi "bestie", ji yadda mutanen Cek ke rarraba abokai

Yau ina so ka ɗauki wayarka, ka buɗe Facebook, ka duba adadin da ke gaban kalmar "friends". Nawa ka gani? Ni nawa 4,700 ne da ɗoriya, saura ƙiris in kai 5,000, iyakar da kamfanin ya yanka wa kowa. To a cikin wannan taron, mutum nawa za ka iya kira da ƙarfe biyun dare ka ce ga ka a asibiti, ba ka da kuɗin allura, kuma ya taso? Ka ajiye amsar a zuciyarka tukuna.

Mu da muka tashi da waya a hannu, da Turanci muke yin abota yanzu. Wanda kuka haɗu jiya a wajen biki, yau ya zama "my guy". Wadda kuka yi hoto sau ɗaya a bakin ajin lacca ta zama "bestie". Idan hira ta yi daɗi mako biyu sai a koma "BFF", wato aminai na har abada. Idan aka ɓata, sai "unfriend", ko a yi maka "ghosting", mutum ya ɓace maka ɗif ba sallama ba bayani. Akwai kuma "frenemy", mai yi maka dariya a fuska yana jiran faɗuwarka. Kalmomin nan sun yi ƙarfin da har ƙamus ya karɓe su. A 2009 ƙamus ɗin Oxford na Amurka ya zaɓi "unfriend" a matsayin kalmar shekara, a 2014 kuma "bestie" ta shiga babban ƙamus ɗin Oxford.

Ra'ayina a nan shi ne, mun ari kalmomin amma mun bar ma'aunin. Kuma abin dariya, harshen wata ƙasa da yawancinmu ba mu san ta ba sai a ƙwallo ne ya nuna mini haka. Ina nufin Jamhuriyar Cek, ƙasar Petr Čech mai tsaron gidan Chelsea da Arsenal a da, ƙasar Pavel Nedvěd da ya ci kyautar Ballon d'Or a 2003. Ƙasa ce a tsakiyar Turai, mutanenta sun ɗan haura miliyan 10, babban birninta Prag.

Yayan wani abokina yana karatu a birnin Brno na ƙasar. Da ya zo hutu ya ba mu labarin kunyar da ya sha a watanninsa na farko. Ya duba ƙamus ya ga "friend" a harshensu ita ce "přítel" ga namiji, "přítelkyně" ga mace. Rannan ya haɗu da wani malaminsu a hanya yana tare da wata 'yar ajinsu, sai ya gabatar da ita da cewa "moje přítelkyně". Malamin ya yi murmushi ya taya shi murna, yarinyar kuma fuskarta ta yi ja. Ashe ce wa malamin ya yi ga budurwarsa! A maganarsu ta yau da kullum, idan namiji ya ce "přítelkyně" tasa, ko mace ta ce "přítel" nata, masoyi ake fahimta. Abin da ya kamata ya ce shi ne "kamarádka".

Mun yi dariya har da riƙe ciki, amma ni abin ya tsaya mini a rai, sai na bi diddigi. Ga yadda suke jera mutane.

A ƙasa akwai "známý", daga aikatau "znát", wato sani. Shi ne wanda ka sani ya san ka, kuna gaisawa, shi ke nan. Turanci yana da takwararta, "acquaintance", mu kuma muna cewa idon sani. Yaushe rabon da ka ji wani a cikinmu ya ce "acquaintance"? Ta yi mana tsawo, kuma muna jin kamar wulaƙanci ne a kira mutum da ita.

Sama da shi akwai "kamarád", mace "kamarádka". Wannan shi ne abokin yau da gobe, wanda kuke yawo, kuke kallon ƙwallo, kuke cin abinci tare. Shi ne daidai da "mate" na Ingila ko "buddy" da "pal" na Amurka. Matasansu na gajarta shi su ce "kámoš", wajen kira kuma su ce "kámo", kamar yadda kake cewa "bro" ko "mutumina". Wanda ya fi kowa kusa a cikinsu shi ne "nejlepší kamarád", wato "best friend".

A can sama kuma akwai "přítel". Idan ba soyayya ake nufi ba, kalma ce mai nauyi, ta littafi da jawabi da karin magana, ta mutumin da aka daɗe tare aka ga juna a rana da inuwa. Daga ita aka samo "přátelství", wato "friendship". Ba kalmar da ake watsa wa kowa ba ce kamar gyaɗar biki. Amininka ke nan.

Suna kuma kiran dangantaka da ainihin sunanta. Ɗan ajinku "spolužák" ne, abokin aiki "kolega", wanda kuke ɗaki ɗaya "spolubydlící". Turanci ma yana da "classmate", "colleague", "roommate". Wanda kuka haɗa aji da shi ba lalle ne ku haɗa sirri ba, kuma ba laifi ba ne ka faɗi haka.

Wani abin da ya ƙara burge ni shi ne maganar "ty" da "vy". Harshen Cek yana da hanya biyu ta cewa kai. Baƙo, babba, malami ko maigidanka a wajen aiki, "vy" za ka ce masa, kamar yadda kake ce wa Baba "kun tashi lafiya?", ka gaishe shi da "dobrý den". Aboki kuma "ty" ne, gaisuwarku "ahoj" ko "čau". Tsallakawa daga "vy" zuwa "ty" ba a yin sa da ka. A al'adarsu babba ne ke yi wa ƙarami tayi, ko mace ta yi wa namiji, ko shugaba ya yi wa na ƙasa da shi, galibi a sha hannu a faɗi sunan yanka. Ka ga ke nan kusanci yana da ƙofa, kuma sai an buɗe maka za ka shiga. Turancin yau kuwa "you" ce kawai ga sarki da talaka, tsohuwar "thou" ta daɗe da fita daga bakin mutane. Shi ya sa wanda bai taɓa ganinka ba zai faɗo maka inbox da "hi dear" ko gezau.

Su kansu kalmomin Turancin da muke wasa da su, asalinsu ba wasa ba ne. "Friend" ta fito ne daga tsohuwar kalmar Turanci mai nufin mai ƙauna, kuma masana harshe sun ce tushensu ɗaya da "přítel". "Companion" daga Latin take, ma'anarta wanda kuke raba burodi. "Mate" ma tana da alaƙa da cin abinci tare. "Pal" daga harshen Romani ta zo, ma'anarta ɗan'uwa. "Kamarád" da "comrade" kuwa duk suna komawa ga kalmar ɗaki, wato wanda kuke kwana ɗaki ɗaya. Ƙauna, abinci, 'yan'uwantaka, ɗaki. Duk abubuwa ne da sai an zo da jiki. Mu ma amini daga amana yake. A cikin mutum 4,700 ɗin nan nawa, da nawa na taɓa sa hannu a kwano ɗaya?

Kada ka ce ina yi maka wa'azi daga kan tudu, ni ma na sha. Ina aji biyu harkar kasuwancin mahaifina ta durƙushe, kuɗin rajista ya gagara. Akwai wani da muka haɗu a wani zauren WhatsApp, kullum muna hira har dare ya raba, "bro" sama "bro" ƙasa. Wata uku kacal da saninmu. Wani dare abin ya ishe ni, na rubuta masa komai, har da abin da ya shafi cikin gidanmu. Bayan sati biyu muka yi saɓani a kan wani abu da bai taka kara ya karya ba. Washegari sai ga hoton hirar tamu yana yawo a zauren ajinmu. Wallahi sati guda na yi ina shiga lacca ta ƙofar baya. Na daɗe ina cewa ya ci amanata, kuma ya ci ɗin. Amma da na nutsu sai na ga rabona na laifin: idon sani na ɗauka na ɗora masa kayan amini. Da a harshen Cek ne, "známý" ne shi, ko a yi masa alfarma a ce "kámoš".

Ka san wanda ya cika mini kuɗin rajistar? Wani da muka zauna ɗaki ɗaya a aji ɗaya, wanda ko shafin Facebook ba ya da shi. Bai taɓa ce mini "bro" ba, sunana yake kira. Ya lura na daina zuwa wajen mai shayi da safe, ya tsare ni da tambaya, bayan kwana uku ya kawo abin da ya samu, ya ce in biya idan hali ya yi. Na biya shi a hankali cikin wata biyar. Turawa suna kiran abokin da ke nan sai ana jin daɗi "fair-weather friend". Mutanen Cek suna da akasinsa, "kamarád do nepohody", abokin da ke nan ko hadari ya haɗo. Suna da karin magana kuma, "V nouzi poznáš přítele", a cikin wahala ake gane aboki, daidai da na Turawa, "a friend in need is a friend indeed". Akwai ma wani nasu da nake so a manna a kowane ɗakin kwanan ɗalibai: "Přátelé buďme, dluhy si plaťme", mu zama abokai, amma mu riƙa biyan juna bashi.

Na san wani zai ce, Malam ka cika tsanani, kalma ce fa kawai, kowa ya san "bestie" ɗin da ake rubutawa a ƙarƙashin hoto wasa ce. Wani kuma zai ce ai sakin fuska ɗabi'armu ce, mu ba Turawan tsakiyar Turai ba ne da sai an yi shekara kafin a ce maka "ahoj". Akwai gaskiya a ciki. Ba na so mu zama masu ɗaure fuska, kuma ban ce mutanen Cek sun fi mu iya zumunci ba. Su ma Facebook bai bar su ba, domin idan ka juya shi zuwa harshensu, "přátelé" yake kiran kowa da kowa, wato jam'in babbar kalmar nan tasu mai nauyi. Mu ma a Hausa aboki tana da faɗi, har mai kanti yana ce wa mai saye abokin ciniki.

Amma cewa kalma ce kawai, nan ne ban yarda ba. Sunan da ka ba mutum shi ke faɗa maka abin da za ka ba shi. Idan kika kira ta "bestie" sau ɗari, ranar da zuciyarki ta cika ita za ki tura wa saƙon murya, ita za ki tura wa hoton da ba kya so kowa ya gani. Idan ka kira shi "blood" wata shida, ranar da ya ce ka ara masa asusunka na banki a turo wasu kuɗi, kunya za ta hana ka cewa a'a, kuma ranar da aka zo bincike sunanka ne a jiki. Bakinka ya riga ya yi alkawarin da hankalinka bai sa hannu ba.

Ilimi ma yana bayan wannan magana. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Ingila, Robin Dunbar, ya yi fice tun shekarun 1990 da bayanin cewa mutum yana iya riƙe dangantaka mai ma'ana da kimanin mutum 150 ne. A cikinsu abokai sosai kamar 50, na kusa kamar 15, na ƙut da ƙut kuma kamar 5. Masana suna ta muhawara a kan ainihin lambobin, amma kai ma ka san awa 24 ce a rana, kuma zumunci a ƙafa yake. Ba ka da lokacin zama aminin mutum dubu.

Ga abin da nake ba ka shawara, kuma ba ya cin data. Daren yau ka ɗauki biro da takarda, ka ja layi biyu, ka sami gida uku. Rubuta musu sunan da ka ga dama: "acquaintance", "mate", "friend", ko "známý", "kamarád", "přítel", ko idon sani, aboki, amini. Ka jera mutanen da ka fi hira da su a wannan watan. Na gidan farko, gaisuwa da mutunci da addu'a. Na gida na biyu, hira da yawo da taimako daidai ƙarfi. Sirrinka, hotunanka, lambar sirrin wayarka da matsalar gidanku, na gida na uku ne kawai. Ba sai ka yi wa kowa "unfriend" ba, ba sai ka sanar da kowa gidansa ba. Facebook ɗin ma yana da jerin "Acquaintances", Instagram yana da "Close Friends", mu ne ba ma amfani da su yadda ya kamata.

Idan ka duba gida na uku ka ga mutum biyu ne kacal, kada ranka ya ɓaci, ka fi mutane da yawa arziki. Idan kuma ka ga akwai wanda ya cancanci wurin amma rabonka da shi tun sallar bara, to kai ne ka zama "fair-weather friend" ɗin. Ranar 30 ga Yuli ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2011 a matsayin ranar abota ta duniya, amma kada ka jira ta don ka ɗora hotonsa a status. Ka kira shi yau, ko ka taka ka je. Ni dai ina gama rubutun nan wajen tsohon abokin ɗakina zan nufa, shayin yau a kaina yake.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.