RA'AYI: Keken da ke jingine a gida zai iya rage wa mutanen Kakuri da Sabon Tasha kuɗin mota

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin mai fita nema ya rikice. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuɗin mota kuma ya bi ta. A Kaduna, mazauna kudancin kogi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, domin sakatariyar gwamnati da babbar kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da akasarin ofisoshi duk suna tsallaken gada. Mutumin Sabon Tasha ko Narayi ko Gonin Gora ko Unguwar Romi yakan hau abin hawa biyu kafin ya isa wurin aiki, haka kuma da yamma. Mafi ƙarancin albashi a jihar Naira 72,000 ne, kowa na iya lissafa abin da zai rage bayan kwana ashirin da biyu na zirga-zirga.

Ra'ayina shi ne akwai mafita guda da muka raina, wato sanya wa keken da muka sani ƙaramin injin lantarki da batir. Amma mafitar ba za ta ɗore ba sai an yi maganin batun batir tun yanzu, kafin a fara jin labarin gobara.

Aikin ba shi da wuyar fahimta. Kayan haɗin guda huɗu ne: taya mai inji a cibiyarta, wadda ake sauya ta gaba ko ta baya da ita; batir; ƙaramin akwatin da ke sarrafa wutar da ke tafiya daga batir zuwa inji; sai totur a hannu, ko na'urar da ke tayar da injin da zarar an taka feda. Sarƙa da feda suna nan yadda suke, don haka ko caji ya ƙare a hanya, mutum zai tuƙa abinsa ya isa gida. Wannan kaɗai ya bambanta shi da babur, wanda idan mai ya ƙare sai turi.

Ga lissafin wuta. Batir mai bolt 36 da amfiya 10, irin wanda aka fi haɗawa da injin wat 250 zuwa 350, abin da yake ɗauka bai kai rabin yunit ɗaya na mita ba. Ko a layin Band A, inda yunit ya ɗan haura Naira 200, cika shi bai kai Naira 100 ba. Cikin awa huɗu zuwa shida yake cika, kuma yakan yi kimanin kilomita 30, ya danganta da nauyin mahayi da hawa da gangara da yadda yake taimaka wa injin da ƙafa. Daga Sabon Tasha zuwa babbar kasuwa bai wuce kilomita 15 ba. Ga shi an isa ba tare da gumi ya jiƙa riga ba, wanda shi ne babban abin da ke hana malamin makaranta ko ma'aikacin ofis hawa keke a watan Maris.

Wani zai ce ina wutar take? Tambaya ce mai kyau. Sai dai wannan batir ana cire shi a shiga da shi shago ko ofis, kuma bai fi ƙarfin ƙaramar sola ba. Masu sana'ar cajin waya a bakin titi, da dama daga cikinsu sun koma sola, za su iya ƙara wannan a cikin sana'arsu.

Matsala ta biyu ita ce kuɗin farko. Kayan daga China ake shigo da su, da dala ake saye, kuma batir shi ne mafi tsada. Albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci ba zai saya ba. A nan ne ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata da masu adashi ke da rawar takawa. Yadda suke ba da shinkafa da babur da fili a biya kaɗan-kaɗan, haka za su iya yi da wannan, mutum ya riƙa biya daga kuɗin motar da ya rage.

Inda hatsarin yake shi ne neman araha. Batirin lithiyam ƙananan ƙwayoyi ne da yawa aka jera, tare da allon da ke hana su wuce ƙima wajen caji ko ɗaukar zafi. Idan aka tsinto ƙwayoyin tsofaffin batiran kwamfuta aka harhaɗa ba gwaji, ko aka cire allon kariya, ko aka jona cajar da ba tasa ba, to an ajiye wuta a ɗaki. Gobarar lithiyam tana tashi cikin daƙiƙoƙi, tana da wuyar kashewa, hayaƙinta kuma guba ne. A birnin New York na Amurka, irin waɗannan batira sun haddasa gobara sama da 250 a shekarar 2023, mutum 18 suka mutu, hukumar birnin kuma ta hana sayar da wanda bai da shaidar inganci. Mu da muke zaman gidan haya, ɗaki na jingine da ɗaki, ga zafin bazara, bai kamata mu jira namu darasin ba. Kada a bar batir a caji a kwanta barci, kada a ajiye shi a bakin ƙofar fita ko cikin rana, wanda ya kumbura ko ya sha ruwa kuma a rabu da shi.

Shi ma keken kansa sai an duba shi. Tsofaffin Raleigh da Phoenix ƙarfe ne mai ƙwari, amma birkinsu na sanda ba a yi shi don gudu da nauyin batir ba, musamman idan taya ta jiƙe da damina. A gyara birki kafin a sa inji, a ƙarfafa wurin da tayar ke zama, a sa fitila gaba da baya. A ƙasashen Tarayyar Turai, keken da injinsa bai wuce wat 250 ba, yake kuma yanke wuta a gudun kilomita 25 a awa, keke ake ɗaukarsa. Wannan iyaka ta dace da mu. Wanda ya ɗora injin wat 1,000 a kan keken yara ya haɗa babur ne marar birki.

Masu hannun yin aikin kuwa muna da su. Kakuri ce ta karɓi masaƙar KTL a 1957, ta kuma karɓi kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975. Masaƙun sun durƙushe, amma masu walda da masu rewaya da kanikawan da suka horar, da yaran da su ma suka koyar, suna nan a Kakuri da Makera da Nasarawa. A tsallaken kogi ga Panteka, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya nuna ana iya cire injin fetur daga ƙaramar bas a mayar da ita mai lantarki. Idan bas ta yiwu, keke ba zai gagara ba.

Saboda haka kirana ga gwamnatin jiha uku ne. Na farko, ta haɗa masu gyaran keke da masu gyaran waya da malaman kwaleji a ɗan gajeren horo kan haɗa batir da gwada shi, a ba wanda ya ci takardar shaida. Na biyu, ta nemi hukumar SON ta sa ido kan batira da cajojin da ke shigowa kasuwa. Na uku, ta fayyace wa jami'an KASTLEA da 'yan sanda matsayin wannan keke a doka. An sha taƙaita zirga-zirgar babura a Kaduna saboda tsaro, kuma muddin ba a rubuta bambancin ba, mai keke zai wayi gari ana masa kallon ɗan acaɓa. A manyan hanyoyi kamar titin Kachia da gadojin kogi, a ware masa gefe da alama, domin ba wanda zai so ya yi gogayya da tankar mai.

Wannan keke ba zai ɗauki iyali ba, ba kuma zai maye gurbin bas ba. Amma ga magidancin da ke tsallake kogi shi kaɗai kullum, abin da ya rage daga kuɗin mota shi ne kuɗin cefane. Tsadar mai za ta tura mutane su gwada, ko da tsari ko babu. Gara a yi tsarin tun da sauran lokaci, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.