Gwal a Dubai, guba a Bagega: wa zai biya kuɗin muhalli?

A harkar yawon buɗe ido ana yawan cewa matafiyi mai kishin muhalli a shirye yake ya ƙara kuɗi domin kada tafiyarsa ta ɓata wurin da ya ziyarta. Ruwanda ta jarraba wannan. A 2017 ta ninka kuɗin izinin kallon goggon biri daga dala 750 zuwa 1,500, ta kuma ware kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar gandun dajinta ga ƙauyukan da ke kewaye. Baƙi ba su daina zuwa ba, domin akwai hanyar da kuɗin ke bi ya isa ga mazauna.

Anka, Bukkuyum da Gummi ba sa karɓar irin waɗannan baƙi, rashin tsaro ya rufe wannan ƙofar. Sai dai yammacin Zamfara na da alaƙa da 'yan yawon buɗe ido ta hanyar gwal. Ƙungiyar SWISSAID ta ƙiyasta cewa aƙalla tan 435 na gwal aka fitar daga Afirka ta ɓarauniyar hanya a 2022, mafi yawansa zuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A kasuwar gwal ta Dubai baƙi ke sayen sarƙa da awarwaro, ciki har da 'yan Arewa masu haɗa lefe.

Akwai tsadar da ba ta cikin farashin sarƙar. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, saboda ana niƙa duwatsun gwal a cikin gidaje, ƙurar na shiga jikin ƙananan yara. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubbai. Bagega kuwa sai a 2013 aka kankare gurɓatacciyar ƙasarta, bayan matasa sun matsa wa gwamnatin tarayya lamba da gangamin #SaveBagega har ta saki kuɗin aikin.

Tsarin ƙarin kuɗi a kan gwal ya riga ya wanzu. A ƙarƙashin Fairtrade, mai saye yana biyan ƙarin dala 2,000 a kan kowane kilo, kuɗin kuma na ƙungiyar mahaƙa ne. Sharaɗinsa shi ne rajista da shaidar ramin da gwal ya fito, kuma nan ne Zamfara ta gaza. Haramcin haƙar ma'adinai da aka sanya a Afrilun 2019 ya tura sana'ar cikin duhu, har aka ɗage shi a Disambar 2024. Gwal ɗin da ba a san asalinsa ba, ko mai saye ya so ƙarawa, dillali ne zai cinye.

Don haka kyakkyawar niyyar mai saye ba ta isa ba. Abin da matasa za su nema daga 'yan majalisar Gummi/Bukkuyum da Anka/Talata Mafara a fili yake: rajistar ƙungiyoyin mahaƙa, wuraren niƙa da ruwa nesa da gidaje, gwajin jinin yara akai-akai, da cibiyar saye mai ba da takardar asali. Idan ba a yi haka ba, yaran da ke wasa kusa da injin niƙa su ne za su ci gaba da biyan kuɗin.