Ra'ayinmu: A Daina Shaƙe Kafireto da Sunan Tsimin Fetur

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, akwai roƙon da kanikawan babura na Suleja suka saba ji. Mutum zai gangaro da mashin ɗinsa gindin bishiya a Kwamba ko Maje ko bakin titin Madalla, ya kafe shi, ya ce: "Oga, don Allah a ɗan rage masa shan mai." Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta wuce naira 1,000. Ba mu ga laifin mai wannan roƙo ba, don shi ya san abin da ke rage masa a aljihu idan ya koma gida da dare. Abin da ya dame mu shi ne yadda ake biya masa buƙatar, musamman idan injin irin mai hayaƙin nan ne da ke shan fetur haɗe da baƙin mai, wanda masana ke kira mai bugu biyu.

Wani zai ce ai irin wannan inji ya zama tsohon yayi. Da gaskiyarsa ta wani ɓangare. 'Yan acaɓa da yawa sun dawo garuruwan gefe irin namu bayan Malam Nasiru El-Rufa'i ya hana sana'ar a tsakiyar Abuja a 2006, kuma yau akasarinsu Bajaj Boxer suke hawa, wanda baƙin mansa ke zaune a mazauninsa daban. Amma tsohon Suzuki AX100 da ɗan'uwansa Jincheng ba su ɓace ba. Suna nan suna ɗauko doya da buhunan masara daga ƙauyukan Dikko da Lambata, kan hanyoyin da damina ke mayarwa kwari da taɓo. Ƙaramin janaretan mai aski da mai cajin waya irin wannan inji ne, haka injin yankan katako. Masu su kuwa su ne waɗanda ba su da halin sayen wani idan wannan ya buga.

Wannan inji ba shi da tukunyar baƙin mai a cikinsa. Fetur da iska da baƙin mai tare suke shiga, su ratsa ta ƙarƙashin fistin, su shafe boris da bangon silinda, sannan su hau sama su ƙone. Kafireto shi ne mai rabon. Akwai ƙaramin jet da sukurun iska, masu kula da injin idan yana aiki a tsaye ko ana tafiya a hankali. Akwai allura, wadda ke riƙe da ragamar daga kwatan totur zuwa kashi uku cikin huɗu. Sai babban jet, wanda ke ciyar da injin idan an murɗe totur duka. Kowannensu yana da lamba ko matsayin da kamfani ya tsara.

Mun tsaya mun ga yadda ake yin aikin. Bakanike zai kwance murfin kafireto, ya zaro allura, ya cire ɗan maƙalin da ke wuyanta da bakin filaya, ya mayar da shi gurbin sama, allurar ta nutse ta ƙara toshe hanyar fetur. Wani zai lanƙwasa harshen abin da ke iyo a cikin kofin kafireto don man ya riƙa tsayawa ƙasa. Wani ma silin wayar lantarki yake cusawa a cikin babban jet don ramin ya tsuke. Daga nan ya tayar, ya murɗa totur sau uku, ya karkata kunne, ya ce: "Ka ji yadda ya washe?" Mai babur ya biya ya tafi yana murna.

Dole a yi wa bakaniken adalci, don sau da yawa abin da ya yi gyara ne na gaskiya. Babur ɗin da ya shekara goma yana aiki, allurarsa ta siɗe, ramin da take shiga ya buɗe, jet ɗinsa kuma an sha zungurarsa da waya wajen wanki har ya fi ƙarfin lambarsa. Irin wannan yana zuƙar fetur fiye da kima, yana baƙanta fulogi, yana tari idan an ba shi wuta. Rage masa mai mayar da shi ne kan hanya. Kuma kunnen da ya shekara ashirin yana sauraren injuna ba abin rainawa ba ne. Akwai kanikawa a garin nan da za su gaya maka ciwon inji tun kafin ka kashe shi.

Matsalar ita ce kunne yana yaudara a daidai wurin da ya fi hatsari. Injin da aka rage wa fetur ƙasa da buƙatarsa yakan yi ƙara mai daɗi, ya yi zafin nama, kamar ya samu lafiya. Alhali fetur ba ƙonewa kaɗai yake yi ba, yana kuma sanyaya kan fistin. A injin da ake cakuɗa man a tanki kuwa, fetur ne ke goye da baƙin mai, don haka duk wanda ya tsuke wa fetur hanya ya tsuke wa baƙin mai ita ma. Zafi ya ƙaru, shafawa ta ragu. Fistin na alminiyon ne, ya fi ƙarfen silinda saurin kumbura, sai ya kama bango. A cikin gari ba lalle a ga komai ba. Ranar da aka ɗauko kaya aka miƙa a titin Kaduna da totur a buɗe, ranar ce injin zai ƙame, tayar baya ta daskare, a hanyar da tankokin mai da tireloli ke bi dare da rana. Kuɗin sabon fistin da ringi da gyaran silinda ya isa ya cinye duk tsimin da aka yi, kuma wannan idan abin ya tsaya a kan ƙarfe ke nan.

Sai batun baƙin man kansa, inda muke ganin ɓarnar ta fi yawa. Ma'auninsa a bayyane yake. Idan kamfani ya ce kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai, mililita 20 ke nan a lita ɗaya. Idan 40 da 1 ne, mililita 25. Idan 25 da 1 ne, mililita 40. Amma jeka wurin mai janareta da magariba ka gani: murfin gora ne ma'auni, yau biyu, gobe uku, jibi a tsiyaya da ido. Wanda ya tsorata da buguwar inji kuma sai ya riƙa zabga mai da yawa, yana ganin riga-kafi ya yi. Bai san ramin jet guda ne ba. Gurbin da baƙin mai ya ci, fetur ne ya rasa shi, ga fulogi na jiƙewa, ga salansa na cika da gawayi. An gudu ba a tsira ba.

Irin man ma abin dubawa ne. Man 2T an yi shi ne don ya narke cikin fetur ya ƙone ba tare da barin toka mai yawa ba, kuma ma'aunin JASO na ƙasar Japan ya kasa shi aji-aji, inda FC da FD suka fi ƙarancin hayaƙi. Baƙin man mota ba don a ƙona shi aka yi ba. Tokarsa tana daskarewa a kan fistin, ta maƙale ringi, ta toshe mafitar hayaƙi. Wanda aka juye daga wata mota kuwa, da ƙurar ƙarfe a cikinsa, bai kamata ya kusanci tanki ba sam. Wani abin takaici shi ne cire famfon mai. Yamaha ta fito da wannan dabara tun 1964, Suzuki ma tana da tata, don injin ya riƙa ɗibar mai daidai da yadda ake murɗa totur. Idan famfon ya samu matsala, maimakon a gyara, sai a toshe shi a koma zubawa a tanki ba tare da an sake duba jet ba.

Yanayi ma yana da hannu a ciki, ko da yake ba a cika kula da shi ba. Iskar sanyin asubar hunturu ta fi ta zafin Maris nauyi, tana buƙatar ƙarin fetur, don haka saitin da aka matse a bazara zai iya zama ajalin inji a Disamba. Ƙurar hunturu kuma tana toshe soson iska, babur ya fara shan mai, sai a ɗora wa kafireto laifi, ko a cire soson gaba ɗaya a bar ƙura ta riƙa goge ringi. Masu tseren babura a daji a Turai da Amurka suna yawo da akwatin jet iri-iri, suna rubuta wanda suka sa da yanayin ranar. Ba kuɗinsu muke kwaɗayi ba, ɗabi'ar rubutawar ce.

Akwai masu cewa a huta da duk wannan, a haramta injin kawai. Hujjarsu tana da ƙarfi. Wani kaso mai yawa na fetur ɗin da ke shiga irin wannan inji yana fita ta salansa bai ƙone ba, kuma shuɗin hayaƙin nan ƙirjin yaran da ke talla a bakin Kasuwar IBB yake shiga. Birnin Dhaka na Bangaladash ya kori kekuna masu ƙafa uku masu wannan inji a farkon 2003. A nan gida ma hukumar kwastam ta sanar da hana shigo da ƙananan janaretoci a 2015, amma kowa ya san har yau suna ruri a ƙofar shaguna, domin wutar da za ta maye gurbinsu ba ta zo ba. Mun yarda cewa zamanin wannan inji yana ƙarewa, kuma ba ma goyon bayan a ci gaba da shigo da sababbi. Amma ƙwace wanda ke hannun manomi ko mai aski ba tare da an ba shi madadi ba, zalunci ne.

Matsayinmu shi ne, a gyara kafireto idan ya kauce, amma a daina shaƙe shi ƙasa da abin da kamfani ya tsara. Reshen ƙungiyar kanikawa ta NATA da shugabannin 'yan acaɓa a Suleja suna da taruka da tasiri. Su sa wannan cikin abin da ake koya wa yaran gareji kafin a yaye su. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta leƙa shagunan kayan gyara ta raba man 2T na gaske da na jabu, don banza ne a ce wa mutum ya auna abin da tun asali ba mai ba ne. Waɗanda suka ga yadda gurɓataccen fetur mai sinadarin metanol ya lalata injuna a Fabrairun 2022 sun san cewa ba kowane laifi ne na bakanike ba.

Ga mai babur ko janareta kuwa, sirinjin mililita 20 daga kyamis ya wadatar, a kuma girgiza haɗin a jarka kafin a juye a tanki. Idan shan mai ya ƙaru, a fara wanke soson iska, a duba ko iska na satar shiga ta wuyan kafireto ko ta sil, a canja allurar da ta siɗe, kafin a taɓa jet. Bayan gyara kuma kada a tsaya ga ƙara. A hau a yi tafiya mai ɗan nisa da gudu, a kashe, a kwance fulogi a duba bakinsa. Idan kalar shayi da madara ce, saitin ya yi. Idan baƙi ne a jiƙe, man ya yi yawa. Idan ya yi fari kamar toka, a mayar da allurar inda take tun kafin a bar garejin.