SHARHI: Ƙurar asbestos da cutar da ke jiran shekara 40 kafin ta bayyana

A tsakiyar shekarun 1950, likita Christopher Sleggs, shugaban wani asibitin masu tarin fuka a Kimberley ta Afirka ta Kudu, ya lura da abin da ya ɗaure masa kai. Sababbin magungunan tarin fuka suna warkar da jama'a, amma wasu marasa lafiya da ruwa ya taru musu a ƙirji ba sa jin magani, sai dai mutuwa. Da shi da wasu likitoci biyu, Wagner da Marchand, suka bi sawun lamarin. A 1960 suka wallafa bayanin mutum 33 masu ɗauke da wata irin sankara da a lokacin da wuya likita ya gan ta a tsawon aikinsa. A cikinsu, 32 sun taɓa shaƙar ƙurar shuɗin asbestos da ake haƙa a arewa maso yammacin lardin Cape. Da dama ba su taɓa shiga ramin haƙa ba. Zama kawai suka yi kusa da shi, wasu tun suna yara masu wasa a kan tulin ƙasar da aka zubar.

Sunan cutar mesoteliyoma. Tana kama tantanin da ya lulluɓe huhu, wani lokaci kuma na ciki. Asbestos ma'adini ne mai siraran zaruruwa, ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa, ga arha, shi ya sa aka cusa shi a rufin gidaje da silin da bututun ruwa da birkin mota. Idan aka fasa shi ko aka yanka, zaruruwan da ido ba ya gani sukan tashi a iska, su shiga huhu su maƙale. Daga nan sai shiru na shekara 20 zuwa 50. Ranar da numfashi ya fara sarƙewa, yawanci bakin alƙalami ya bushe: akasarin masu cutar ba sa wuce shekara ɗaya zuwa biyu bayan an gano ta. Sigari ba ta haddasa ta, ko da yake idan ta haɗu da asbestos tana ninka haɗarin sankarar huhu.

Wannan dogon jinkiri shi ne mabuɗin fahimtar alƙaluman cutar. Birtaniya ta haramta shuɗi da ruwan ƙasan asbestos a 1985, fari kuma a 1999, amma har yanzu mesoteliyoma na kashe sama da mutum 2,000 a ƙasar duk shekara. Galibinsu maza ne tsofaffi da suka yi kafinta, aikin famfo, haɗa wutar lantarki ko ƙera jiragen ruwa tun suna samari. Akwai kuma matan da laifinsu kawai wanke kayan aikin mazajensu. A Wittenoom ta Ostareliya an rufe mahaƙar tun 1966, amma ƙurar ta ci gaba da cin mutane har gwamnati ta share sunan garin daga taswira. Ke nan gawar da ake binnewa yau, aikin shekara 40 baya ce take ba da labari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kowane nau'in asbestos na jawo sankara, kuma shaƙarsa a wurin aiki na kashe fiye da mutum 200,000 a shekara. Ƙasashen Tarayyar Turai sun haramta shi baki ɗaya a 2005, Afirka ta Kudu a 2008, Kanada a 2018. Sai dai Rasha da Kazakistan da Sin suna ci gaba da haƙa, Indiya na sayen mai yawa, kuma tun 2006 ake toshe duk yunƙurin sanya farin asbestos cikin jerin kayan haɗari na Yarjejeniyar Rotterdam. Kasuwar ba ta mutu ba, ƙaura ta yi zuwa inda ba a ƙidaya matattu da kyau.

A nan ne batun ya iso ƙofarmu. Masana'antu a Legas da Inugu da Sapele da Kano da Bauchi sun shafe shekaru suna sarrafa rufi da silin na siminti haɗe da asbestos. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi makarantar gwamnati ko suka tashi a gidajen ma'aikata na shekarun 1970 da 1980 sun kwana ƙarƙashinsa. Muddin allon yana lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Amma gine-ginen sun tsufa, kuma yanzu ne ake rushe su ko yi musu kwaskwarima. Leburan da ke farfasa silin da guduma, ba takunkumi ba komai, shekararsa nawa? Idan 20 ce, sakamakon na iya riskarsa yana ɗan 60, lokacin da ɗan kwangilar da ya ɗauke shi ya daɗe da shiga ƙasa.

Za a ce ai ba a cika jin labarin cutar a asibitocinmu ba. A ganina wannan hujja ce mai rauni. Tabbatar da mesoteliyoma na buƙatar a yanko tsoka a yi mata gwaji na musamman, abin da ba a samu sai a manyan asibitoci. Dattijon da ya zo da tari da rama da ruwa a ƙirji, a ƙasar da tarin fuka ya yi katutu, maganin tarin fuka za a fara ɗora shi a kai, kamar dai marasa lafiyar Sleggs. In ya cika, a yi masa sutura kafin la'asar, ba wanda zai tambayi sana'ar da ya yi a 1982.

Abin da ya rage a hannun hukumomi ba ya buƙatar fasahar ƙasashen waje. A ƙidaya makarantu da asibitoci da barikokin da ke da wannan silin, a rubuta cikin kowace kwangilar gyara cewa sai an jiƙa allon da ruwa, a sauke shi ɗungurungum ba tare da fasawa ba, a naɗe a binne a keɓaɓɓen wuri. Likitocin ƙirji kuma su riƙa tambayar tarihin aikin mara lafiya. A halin yanzu, ɓaraguzan da aka kwaso daga wurin rusau ana cike ramukan unguwa da su, motoci na niƙe su, iskar hunturu na kwasa.