Wa Ya Ba Mai Jego Wata Shidan?

Duk ranar awo da ranar rigakafi, ma'aikatan jinya magana ɗaya suke nanata wa mata: nonon uwa zalla har wata shida, ko ruwa kada a ɗiga wa jariri. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ce, kuma ina tare da ita. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, matar da ke aikin albashi, ina za ta samo wata shidan?

Dokar ƙwadago ta Najeriya mako 12 ta tanada, shida kafin haihuwa, shida bayanta, kuma rabin albashi kawai ta wajabta a biya. Mako shida kwana 42 ke nan. Ana gama arba'in sai a ce ta koma bakin aiki, jikinta bai gama komawa daidai ba, jaririn ko wuyansa bai tsaya ba. Dokar ta ba ta rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Malamar makarantar kuɗi da ke koyarwa a Sabon Gari, gidanta yana Hotoro, rabin awa ko a cikin adaidaita ba zai kai ta gida ba, balle ta shayar ta dawo.

Sai a ce ta tatsa ta ajiye. A ina za ta tatsa, a banɗakin makaranta? Wane firji zai riƙe nonon a garin da wuta ke yini ba ta zo ba? Ƙarshenta kaka ko 'yar raino ta ga yaro na tsala kuka, ta dama masa koko ko ta haɗa madarar gwangwani da ruwan da ba a tafasa ba. Gudawa ta biyo baya, kowa ya ɗora wa uwar laifi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran da ba su kai wata shida ba ke shan nono zalla.

Legas ta mayar da hutun haihuwar ma'aikatanta wata shida a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019, aikin gwamnati kuma bai tsaya ba. Amma wannan bai shafi masu aiki a makarantun kuɗi da asibitoci masu zaman kansu da bankuna ba, inda mace ke ɓoye ciki don tsoron kora. Su ya kamata majalisa ta duba: a gyara dokar ta kai wata shida da cikakken albashi, a kuma tilasta wa duk ma'aikatar da mata suka yi yawa ta ware ɗakin raino.