Tsohuwa ba mayya ba ce, ciwo gare ta

Ƴan uwa, in tsohuwa ta fara mantuwa, ta ɓace hanyar gida, ta kira ɗanta da sunan mijinta, sai a ce mayya ce, ko aljannu suka taɓa ta. Yara na jifa, manya na dariya. Wannan zalunci ne!

Ciwon ƙwaƙwalwa ne. Wani likitan Jamus, Alzaima, ya bayyana irinsa mafi yawa tun 1906. Mutane fiye da miliyan 55 ke fama da ciwon mantuwa a duniya. A 2023 Amurka ta yarda da wani magani mai rage saurinsa, amma ba ya warkarwa. To, kar ku kai ma boka akuyarku.

A 2024 manyan likitoci sun nuna hawan jini, ciwon sukari, taba, kurumta da rashin karatu suna buɗe ma ciwon ƙofa. Ku je gidan likita a auna ku. Ku zo ajin yaƙi da jahilci.

Tsohuwa kuwa, a ba ta abinci, a yi mata magana a hankali, kar a ɗaure ta. Ita ta goya ku.